Sugan Kofur a Shafin Ajidan

Ni dai ban yi nisa a boko ba. Na iya rubuta sunana, na iya karanta lamba, aikin soja kuwa bai nemi fiye da haka a wurina ba har na yi ritaya ina kofur. Na dawo Garuwa, garinmu a arewacin Kamaru, da ƙafafuna biyu da yawancin haƙorana, sai ga ciwon suga ya iske ni a kan tabarma ya yi mini abin da harsashi ya kasa.

Ba ni kaɗai ba ne. Mu tsofaffin sojan unguwarmu muna zama a gindin wata dalbejiya kusa da rumfar mahauta, kuma kusan kowa da nasa sugan. Babbanmu shi ne Ajidan, da muƙaminsa na soja muke kiransa, wani dogon Bafulatani daga wajen Rey Bouba. Ya tuɓe kaki tuntuni, amma har yau ba mai zama kafin ya zauna.

Likitarmu mace ce, ba ta kai 'yata ta fari shekaru ba, amma kaftin ce a soja. Ran nan ta duba jinina ta girgiza kai.

"Baba, idan lambar nan ba ta sauka ba, ƙwaya ta gama nata. Sai allura, kullum, a ciki."

Na ce, "A cikin wa?"

Ta ce, "A cikinka."

A ba ni bindiga a tura ni daji, na je. Amma allura? Ko ɗan tsinken da ake huda yatsa da shi, sai na kau da kai ina salati. Na fito ina rantsuwa na bar makala, wato fanken nan namu, da shayi har abada, na kuma cika alkawarin har zuwa la'asar.

Ana nan sai asibiti ta kawo sabon tsari. An buɗe wa kowannenmu shafinsa a intanet. Da safe ka huda yatsa, ka ɗiga jini a 'yar na'ura, ka buga lambar a waya, likita ta gani daga ofishinta. Ba sai ka hau moto, wato babur, cikin zafin Garuwa ka je ka bi layi ba. Muka dawo gindin dalbejiya muna murna, ni har na fara latse-latse.

Ajidan ya dube ni. "Me kake yi, Kofur?"

"Zan aika wa kaftin rahoto, mon ajidan."

"Kai? Kai tsaye? Tun yaushe kofur yake tsallake ajidan ya yi magana da hafsa?"

Kunya ta kama ni. Wallahi ba wanda ya ga aibi a maganarsa, don haka muka tashi muka gani. Rahoto daga ƙasa yake hawa, mataki-mataki. Daga ranar, kowace safiya mukan jeru, kowa ya huda yatsa ya faɗi lambarsa da ƙarfi, Ajidan ya ɗaga waya sama yana neman rezo, wato sabis, ya buga su ɗaya bayan ɗaya a shafinsa. Shi da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar mai kashe kwarkwata. Yakan fara da tasa, wadda kullum tsaf take, don mutumin ko folere, wato zoɓo, ba ya sha sai marar sukari. Sannan a bi muƙami. Ni ne na ƙarshe, tawa ce kuma ta fi ta kowa tsawo.

Shafina ya zauna fayau, ba wanda ya kira ni. Na ce a raina lallai intanet abin albarka ne.

Sai wata safiya wayar Ajidan ta yi ƙara. Kaftin ce, ta ce ya zo yanzu-yanzu. Ya ce in bi shi in riƙe masa lema.

Muna shiga ta juyo mana da kwamfuta. Wani zane ne a kai, hawa da sauka kamar haƙoran zarto.

"Baba Ajidan, kowace safiya suganka yakan fara lafiya, ya faɗi ƙasa, ya tashi, ya sake faɗuwa, sannan ya haye rufin ɗaki, duk kafin a sauke tukunyar shayi. Ban taɓa ganin jiki irin naka ba. Wannan lambar ta ƙarshen ita ce ke ba ni tsoro. Taka ce?"

 Ajidan ya gane, ni ma na gane. Amma mutumin nan bai taɓa miƙa yaronsa ga hafsa ba, ba kuwa zai fara da furfura ba.

Ya ce, "Daga hannuna ta fito, mon kapiten."

"To, yau za ka fara allura."

Ta buɗe aljihun tebur ta ciro ta. Ajidan ya ɗaga riga, ya kafa wa bango ido. Ciki ne shafaffe, ba komai sai fata da haƙarƙari. Ni ina tsaye da lema, ga nawa tulun cikin yana gaba da ni. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai dama shugaba don irin wannan rana ake yinsa, na kuwa saurare shi da kunne biyu.

Tana goga masa auduga ta ce, kamar da kanta take magana, "Ita allurar nan, wanda ba ya buƙatarta idan ya yi, yana iya zubewa a hanya, ba lallai ya tashi ba." Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Har yau ina zargin yarinyar nan ta san komai tun kafin mu shigo.

Na yar da lema, na ƙame, gwiwata ta ce ƙaras.

"Mon kapiten, ta ƙarshen tawa ce!"

Ajidan ya juyo. "Wa ya ba ka izinin magana?"

"Ba kowa, mon ajidan."

Da na yi mata bayanin jerin gwanonmu na safe, sai ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta ɗago ta share ido, ta ce daga gobe kowa ya buga tasa a shafinsa, kuma wannan oda ce. Ajidan ya sara mata. In dai daga sama aka ce, shi ba ya gardama.

Ta huda mini yatsa ta duba, ta ce, "Baba Kofur, ɗaga riga."

Na ce ko za a bari sai bayan Sallah. Na ce ban karya ba, ta ce wannan iri ba ruwanta da abinci. Na ce ina jin fitsari. Ajidan ya sauke rigarsa a hankali, ya zo ya tsaya a bayana, ya dafa kafaɗuna da hannu biyu yadda ake riƙe rago.

Na runtse ido, na fara kalmar shahada da ƙarfi, har mutanen da ke jira a waje suna jiyo ni.

Na ce, "Ki yi mana, 'yata, ki yi a wuce wurin!"

Ta ce, "Baba, ai tun ɗazu na gama. Sauke rigarka."