Motar Sitiyari da Ba Ta da Taya

Ku matso, tun da kun tambayi abin da ya sa kawunku ba ya son a yi masa zancen kaki. Ni na haife shi, ni kuma na tura shi, don haka ni zan faɗa.

Sitiyari muke ce masa tun yana ɗan mitsitsi, don murfin tukunyata ba ya kwana a kan tukunya, kullum yana hannunsa yana "buuu" yana zagaye tsakar gida. Da ya girma ya koyi tuƙi, aka ce soja na neman direbobi. Ni ce na matsa masa. Na ce je ka, ɗana, ka sa kaki a san ni ma na haihu. Ranar da ya zo da hotonsa sanye da hula, sai da na zagaye unguwa da shi gida-gida. Kai, ni dai!

Shekararsa shida a ciki kafin na taka barikin, lokacin da matarsa ta haifi ta biyu. Ɗaki ɗaya ne, an raba shi da labule, gadon ƙarfe, ga bokiti a ƙarƙashin inda rufi ke yoyo. Ban damu ba. Na ce, "To kai ni in ga motar taka."

Ya ce, "Inna, ki bari ki huta."

Na ce, "A kan gado na zo? Tashi mu je."

Ya kai ni bayan wani dogon sito. Ga ta nan, ƙatuwa, koriya, tana ƙyalli kamar an lashe ta. Sai da na sunkuya na ga a kan bulo take zaune. Taya ko ɗaya babu. Wata kaza ma ta yi ƙwai a ƙarƙashinta.

Na ce, "Ina ƙafafunta?"

Ya ce, "Tun kafin in zo aka cire. An ce ana tafe da sababbi."

Ashe aikin ke nan. Da safe ya ɗebo ruwa ya wanke ta, ya buɗe gabanta ya duba mai, ya goge madubi. Saje ya zo, shi kuma ya ƙame ya ce mota lafiya lau, ranka ya daɗe. In babban mai dubawa zai zo, sai a aro tayoyi daga wani bariki a ɗaura mata, a ɗauki hoto, kafin la'asar an kwance an kai wa wasu su ma su nuna. Tayoyin nan sun fi ɗana yawo a aikin soja.

Na dawo gida ban faɗa wa kowa ba. Kunya.

Akwai abokinsa, mai dafa musu abinci, Kuku suke ce masa, mutum mai barkwanci, shi ne ke kiransa direban kaza. Wata rana da hantsi tukunyar ruwan zafi ta kife masa daga ƙugu har ƙasa. Asibiti da nisa, motar oga ta fita. A baro suka sa shi, kawunku ne ya tura, ya wuce da shi ta gaban motar nan da ya gama wankewa, har bakin ƙofa suna tsayar da motar haya. Kuku ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya. Washegari Saje ya ce wa kawunku, "Kai, ka ga ƙura a madubi?"

A watan ne aka ba shi takarda, ko ya sa hannu ya ƙara shekara biyar, ko ya ajiye kaki. Kwana bakwai aka ba shi. Ya zo nan ya zauna a inda kuke zaunen nan, takardar a aljihu. Matarsa ta biyo shi da goyo, ranta a ɓace.

Ta ce, "Inna, ki yi masa magana. In ya fita, ɗakin fa? Makarantar yara fa? A kanmu za mu ɗora su?"

Gaskiyarta ce, ban ga laifinta ba.

Ya ce, "Inna, na manta yadda ake shan kwana. Hannuna soso ya sani. In na ƙara biyar, me zan ce wa yaran nan na yi?"

Ta ce, "Ka ce ka ciyar da su!"

Dukansu suka zuba min ido. Ni kuwa haushin kaina ya ishe ni. Na ce, "Ni na tura ka don in yi taƙama, na kuwa yi ta da hoto. Ba zan sake tura ka ba. In kun rasa ɗaki, ga nawa, ni na koma zaure."

Bai sa hannu ba. Amma kun san su. Ranar miƙa makulli, mai sito ya ce ya rubuta ya bar mota lafiya. Ya karɓi biro ya rubuta babu taya. Saboda kalma biyun nan suka riƙe takardar sallamarsa wata takwas, je ka dawo, je ka dawo. Wata takwas ina kwana a zaure, surukata ba ta gaishe ni sai da gefen baki.

Yanzu ga shi yana jan tankar ruwa, ba wani abin a zo a gani ba ne, bayansa na ciwo, amma tana tafiya. Kun ga yadda yake bi yana shurin tayoyinta ɗaya bayan ɗaya kafin ya hau? Ku daina yi masa dariya.

Waccan kuwa, Kuku ya ce tana nan a kan bulo. Wai sun samu ɗan wata uwar yana wanke ta.