Kwalin Tsinke da Tunkiyar Goggo

Asabar: daga Kano zuwa Katsina

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na fito daga gida da jaka a kafaɗa da ƙaton kwali a ka. Maiɗakina ta rako ni bakin ƙofa tana danne dariya. Wai ita ba ta taɓa ganin mai zuwa dubiyar tunkiya da irin wannan guzuri ba, kuma in tuna wannan ne kwali na biyu da zan kai wa Goggo. Na yi kamar ban ji ba, na ce mata ba ta san ci gaba ba, ta koma ta kwanta.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar. Goggo Hure ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana zaune a Ƙofar Durɓi a birnin Katsina, tana sayar da fura da nono a ƙofar gida, yawancin masu saye 'yan acaɓa ne. Tana da tunkiya ɗaya mai suna Kyauta, wadda marigayi mijinta ya saya mata shekarar da zai rasu, kuma da ita take hira tun da gidan ya zama babu kowa. Ranar Laraba ta kira ni a waya. Kyauta ta daina ci, ta rame, ciki ya kumbura, likitan dabbobi ya ce leda ce ta cika mata tumbi. Masu shan fura ne ke yar da leda da tsinken shan lemo na roba a ƙofar gida, ita kuwa ta ji ƙanshin nono ta haɗiye. Goggo ta rantse in Kyauta ta mutu ta bar dama fura har abada. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shi ne na shiga kasuwa na sayo tsinken takarda da kofin takarda kwali guda, irin wanda na ga ana yayi a wuraren cin abinci.

Shida da kwata mota ta cika a tashar Ƙofar Ruwa. Direba ya ce kwalina sai an biya masa kuɗin rabin kujera, na ce a cinyata zai zauna. Haka na rungume shi kusan kilomita ɗari da saba'in, ƙafata ta yi tsami tun kafin Bichi.

A Bichi muka tsaya na sha shayi da ƙosai. An ba ni ƙosan a leda, an saka ledar a cikin wata ledar. Da a da ne ko a jikina, amma ran nan idona ya buɗe. Daga nan har Tsanyawa babu abin da nake gani sai baƙar leda, a kan ƙaya, a kunyoyin gona, a bakin kwalbati, ga awaki na bi suna tsinta.

Bayan Gidan Mutum Ɗaya muka iske shingen bincike. Jami'in ya sa na buɗe kwali, ya zaro tsinke ɗaya fari dogo, ya shinshina, ya tambaye ni wace irin taba ce wannan. Na ce ta shan fura ce. Ya leƙa ramin da ido ɗaya, ya busa, ya dube ni da tausayi.

"Malam, Katsina za ka kai wannan? Allah Ya ba da sa'a."

Mota duka ta kwashe da dariya. Na haɗe rai har muka wuce Kankiya da Charanchi. Goma saura minti ashirin muka shiga Katsina, na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Durɓi.

Ƙofar Durɓi

Goggo na zaune a tsakar gida, kan Kyauta a cinyarta. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifinta ne da ni, Mai Sunan Malam take ce mini. Muka gaisa, ta tambayi maiɗakina, da yara ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabta, da gajiyar hanya, sannan ta koma kan yaran. Duk wannan lokaci hannunta bai bar wuyan tunkiyar ba. Da na ga haƙarƙarin Kyauta a waje, da yadda Goggo ita ma ta zabge, sai da na kau da kai.

Can ta dubi kwalin. "Mi ka kawo mani kuma?"

Na buɗe, na yi mata dogon bayani, cewa takarda ruɓewa take yi, ko dabba ta ci ba za ta ƙulle mata ciki ba. Ta saurara har na gama, ta ce to, a gwada da azahar.

Azahar na yi 'yan acaɓa suka fara layi. Na farkonsu Lawwali, wani dogo mai yawan barkwanci da ya zo birni daga ƙauye neman abinci. Na zuba masa da hannuna, na tsoma tsinke, na ja baya ina jiran yabo. Abin da na manta shi ne fura kwanciya take yi, kuma babu Bakatsinen da zai kai ta baki bai juya ta ba. Lawwali ya juya sau uku, tsinken ya lanƙwashe. Ya zuƙa, gudajin fura ya toshe ramin. Ya ƙara zuƙa har kumatunsa suka lotsa, sai ga takarda ta narke masa a baki. Ya tofar, ya ce ya sha fura da sukari, ya sha da zuma, amma yau ne ya fara sha da littafi. Na ba shi wani, shi ma haka. Kafin la'asar mutum huɗu sun juya da baburansu ba su saya ba. Kunya ta ishe ni, haushi kuma ya ƙaru da na ga Goggo ba ta ce mini komai ba.

A ɗakin zaure na sauka, inda na kwana ina yaro. Tuwon dawa da miyar kuka ta yi mini da man shanu, ita kuwa ko loma ba ta kai ba.

Lahadi: tiyata

Ƙarfe takwas Malam Sada likitan dabbobi ya iso da jakarsa. Ya gaya wa Goggo gaskiya, cewa tunkiyar ta galabaita, in an yi mata tiyata tana iya tashi, tana kuma iya mutuwa. Goggo ta ce a yi, ta shige ɗaki da carbinta. Ni da Lawwali muka riƙe ƙafafu a gindin darbejiya, shi ma ya bar aikinsa na safe don wannan.

Awa ɗaya da rabi aka yi. Abin da aka ciro ya cika tasa, dunƙulen leda baƙa da fara, ya murɗe kamar igiya, ga wari. Malam Sada ya zuba ruwa yana warwarewa don ya nuna mana. A ciki na ga gutsattsarin tsinken roba, masu ja da fari.

Na san su. Shekara uku da suka wuce ni na kawo su daga Kano, kwali guda, da damin leda. A lokacin a ƙoƙo da ludayi Goggo ke sayar da furarta, ni na ce mata wannan ƙauyanci ne, mutanen yanzu sauri suke yi, ta ƙulla musu a leda su wuce. Tun daga ran nan irin su take aikawa a sayo mata.

Na shiga ɗaki na durƙusa, na ce Goggo, ni na jawo wannan. Ta ce ta sani tun ranar da likita ya ambaci leda.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai don ka taimake ni ka kawo, Mai Sunan Malam. Ni kuma na amsa don kada in kunyata ka. Yanzu tashi ka sauko mani da kwandon can."

A kwandon da ke rataye akwai ƙoƙuna da ludayi goma sha biyu, an naɗe su cikin tsohon zane. Ashe ba ta zubar da ko ɗaya ba. Muka wanke su tas, na ciccibo benci daga zaure, na ajiye bokitin ruwa biyu, na wanki da na ɗauraya. Goggo ta fito ta shelanta cewa daga yau mai son furarta sai ya sauka daga babur ya zauna, mai son kai wa gida kuma ya zo da kwanonsa. Wasu suka yi gunaguni suka tafi. Lawwali ya zauna, ya juya furarsa da ludayi son ransa, ya ce rabon da ya zauna ya ci abin rana tun yana ƙauye. Mutum bakwai na ƙirga a bencin nan kafin la'asar, har da gardamar ƙwallo.

Kyauta kuwa na kwance, ko kai ba ta ɗagawa. Na share ƙofar gidan har bakin kwata, buhu biyu na cika da leda.

Litinin: komawa

Dole in koma aiki. Ƙarfe bakwai na yi sallama, tunkiyar na nan yadda take, numfashi kawai. Goggo ta ba ni dawo a kwano da ludayi ɗaya na kai wa maiɗakina. Na ce zan tafi da kwalina, ta ce in bar shi, ta gwada da safe, yana kama wuta da kyau.

Mota ta tashi takwas da rabi. Wayata na hannu, ina jiran kiran Goggo. Mun wuce Charanchi shiru, mun wuce Kankiya shiru. Muna dab da Bichi ta yi ƙara. Goggo ce, kuma karon farko a rayuwata ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ta miƙe. Tana tuƙa. Ka ji?"

Ta kara wayar a bakin tunkiya. Wallahi ban ji komai ba sai kukan injin mota, amma na ce na ji, hawaye na zubo mini a gaban mutane.

Sha biyu saura na iso gida lafiya. Godiya ga Allah da Ya tashi kafaɗun Kyauta, da Malam Sada da ya yi aikin, da Lawwali da ya riƙe ƙafa, da Goggo da ta rufa mini asiri shekara uku. Maiɗakina ta karɓi ludayin, ta jujjuya shi, ta tambaye ni yaushe zan kai kwali na uku. Na ce ta dama mana fura.