Ƙibar da Ba Ƙiba Ba

Ɗiyar yayata ta daɗe tana ramewa bayan yaye, sai kuma cikin damina ta fara cika. Kumatu suka taso, ƙafafu suka yi suntum. Inna, mahaifiyarmu, har sadakar gero ta yi, tana gaya wa duk wanda ya shigo gidanmu a Tafoki cewa kununta ne ya karɓi jikarta. Ni kuwa ban yarda ba. Yarinyar ba ta wasa, gashinta ya yi ja. Da na faɗa, Inna ta ce, "Ke da ko goyo ba ki taɓa yi ba, rufe mana baki."

Ban iya rufe baki ba, har yau. Na yi ta mita sai da Yaya ta ce mu je asibiti a Faskari, ko don ta huta da ni. Inna ma ta biyo mu.

Ma'aikaciyar jinyar ko kallon kumatun ba ta yi ba. Ta zaro wani siririn tef mai kore da rawaya da ja, ta naɗa a damtsen yarinyar. Ya tsaya a kan ja. Ta kama fatar bayan damtsen da yatsu biyu ta ɗaga, fata zalla, ba komai a ƙarƙashi. Sannan ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar, ta ɗan jira, ta ɗauke. Rami ya zauna a wurin. Na zuba ido ina jiran ya cike. Bai cike ba.

"Hajiya, wannan ruwa ne, ba kitse ba. Tamowa ce."

"Ruwa?" in ji Inna. "Randa ce ita?"

"Kama nawa ki ji bambanci."

Inna ta mintsini damtsen matar ta ce, "Ke kam gidanku ba a wasa da tuwo." Matar ta yi dariya, ta ce kitse rumbun jiki ne, kuma jikin yarinyar ya riga ya cinye nasa. Ni da na gama sakandare, abin da na sani game da kitse shi ne ƙawayena na shan ruwan tsami don ya narke. Ban taɓa tunanin rashinsa na kashe mutum ba.

Aka ba mu gado, ana ba ta wata madara kaɗan-kaɗan. An gaya mana za ta fara saɓewa kafin ta cika, amma ji daban, gani daban. Ruwan ya tafi da kumatun. Haƙarƙari suka fito, fatar ɗuwawunta ta yi laƙwas kamar wandon aro. Inna ta fara ɗaure kaya.

"Mun kawo ta da kumatu za su ba mu ƙashi. Tashi mu tafi gida."

Yaya ta miƙe tana kuka, ta ɗauki zanin goyo. Na riga ta ɗaukar yarinyar, na zauna da ita a ƙasa.

"Inna, ki gafarce ni. Sai dai ki tafi da ni a kai."

"Ja'ira, ni kike gaya wa haka?"

"Ke fa, Inna."

Sai ta zauna a kan ƙullin kayan, ba ta kwance shi ba, ba ta kuma tafi ba.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Aka koma ba ta wani abinci mai gyaɗa a ƙunshi, tana lashewa har da yatsuna. Wata safiya ina yi mata wanka, sai na ga wani ɗan layi a cinyarta. Na ɗauka datti ne, na goga, bai fita ba. Ashe nama ne ya naɗe, sai da na buɗa shi da yatsa na wanke ciki. Ikon Allah! Madara da gyaɗa sun shiga ta baki, ga su sun zama cinya a hannuna. Na manta da ruwan har ya huce, ina ta taɓa wurin.

Inna ta leƙo ta gani. Ta ce, "To bar taɓawa, kar ki sa mata ido. Miƙo ta nan, sanyi zai kama ta."