Dutsen da Bai Daidaita Ba

Yayana mai aski ne, in dai za a kira mutum mai aski alhali rabon da ya taɓa fuskar wani har an manta. Injiniya ake ce masa, ba don ya taɓa gina ko akurki ba, sai don rular ƙarfen da ba ta barin aljihunsa.

Shagon na Babanmu ne. Da hannun Baba ya soma rawa, sai ya miƙa masa mabuɗi da aska da dutsen wasa ta. Dutsen ya ɗan lotsa a tsakiya saboda daɗewar da aska ta yi tana bi ta kansa. Baba ya san da haka, yakan goga shi a kan jiƙaƙƙen siminti jefi-jefi, ya koma bakin aikinsa. Yaya kuwa tun ranar farko ya ɗora rula, ya ɗaga dutsen wajen taga, ya ga haske na ratsowa ta ƙarƙashi, ya ce wai Baba a kan kuskure ya tsufa.

Dutse mai rami yana ɓata bakin aska, wannan ban musa ba. Amma gyaran wuni guda ne, shi kuma ya mai da shi sana'a. Sai ya zana layuka da fensir a kan dutsen, ya shimfiɗa samfefa, takardar nan mai kaushi, a kan gilashi, ya zuba ruwa, ya yi ta gurza har layukan su ɓace. Ya ɗora rula, ya ja tsaki, ya sake zane. Mutum ya zauna a kujera da kumfa a fuska har ta bushe, ya gaji ya wanke, ya tsallaka titi wurin mai aski da inji. Yaya ya raka shi da harara, wai mutanen yanzu ba su san aski ba.

Da ciwo ya kwantar da Baba, gemu ya rufe masa fuska, mutumin da bai taɓa wuni da tsiro a kumatu ba. Na ce bari in kira na tsallaken titi.

"Ina da ɗa mai aski, baƙo ya taɓa mini fuska? Je ki kira yayanki."

Na sami Yaya a shago a durƙushe, hannu duk ruwan dutse.

"Yaya, Baba na jiranka."

"Ki ce masa gobe. Gefen hagu ne ya rage."

"Dutsen za ka aske ko Baba?"

"Ke ba ki san komai ba. Askar Baba ba za ta hau karkataccen dutse ba."

Kullum da safe Baba sai ya sa in ɗumama ruwa, in shimfiɗa masa tawul a ƙirji. Ya zuba wa ƙofa ido har ruwan ya huce, in ɗauke. Takaicin da na haɗiya a kwanakin nan, Allah kaɗai ya sani.

Ranar da Yaya ya ga dama ya zo, da fara'arsa ya shigo, aska na walƙiya a hannu, yana faɗin ko ɗigon haske ba ya wucewa yanzu. Bai ma lura da takalman da suka cika ƙofar ɗakin ba. Mun riga mun lulluɓe gawar Baba.

Na yaye mayafin zuwa haɓa, na nuna masa gemun.

"Ga shi nan, Injiniya. Tun safe ruwan ya huce."