Faifan da Inna Ta Shanya

Ranar wata Laraba ce, a ranin da aka fara sako ruwa zuwa gonarmu ta Bunkure, Yaya Sale ya ɗora garmahonsa mai batir a kan kunya, ya sa allura. Wani kiɗa ya fashe kamar ana yaga kwanon rufi, ganga tana dukan ƙirji, wani Bature yana ta ihu kamar kunama ta harbe shi. Tsuntsayen jan-baki da suka rufe alkamarmu suka tashi gaba ɗaya, har sama ta yi duhu. Ni kuwa na yar da gwangwanina na korar tsuntsu, na ruga bayan Inna.

Wani injiniya ne da Yaya ya yi wa ɗaukar kaya lokacin haƙa hanyar ruwa ya bar masa garmahon da faifai guda, da zai koma ƙasarsu. Ɗan ƙaramin faifai ne baƙi, waƙa ɗaya a kowane gefe, mu dai gefe guda muka sani. Kafin zuwan faifan, da sassafe muke fita korar tsuntsu, muna jan igiya mai gwangwanaye, muna ihu har murya ta dushe, mu dawo mu tarar da surfe yana jiranmu. Da faifan ya zo sai muka samu sararin yin 'yar carafke a gindin darbejiya, har yaran maƙwabta suna kwaikwayon ihun Baturen. Dama Baba ya riga ya faɗa wa Yaya, "In alkamar nan ta tsira, a yi maka aure ka zauna. In ba ta tsira ba, sai ci-rani." Shi ya sa Yaya yake goge faifan nan da bakin rigarsa kamar fuskar jariri.

Alkama ta kusa nuna, sai rannan faifan ya suɓuce ya faɗa cikin laka. Yaya ya kawo shi gida, ya tafi neman batir a Kura. Inna, baiwar Allah, ta wanke shi tas, ta ɗora a kan rufin kwano kusa da tumatirin da take busarwa. A wurinmu, duk abin da ya jiƙe, rana ce maganinsa. Da la'asar aka sauko da shi ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Allura ta hau, ta yi tsalle, ta zame. Yaya ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya ce, "Ba komai, Inna, ai gyara kika yi." Muka koma wa gwangwani, amma tsuntsayen sun fi ƙarfin muryarmu. Bayan girbi Yaya ya bi motar tumatir zuwa Kudu, can zazzaɓi ya ɗauke shi. Inna ba ta ƙara shanya komai a rufin nan ba.

Kwanan baya ɗana Auwalu yana taɓa wayarsa, sai na ji kiɗan nan, na saki muciya. Ya yi dariya ya ce, "Umma, ina kika san wannan waƙar? Ai har yau duniya na jin ta, har a filin ƙwallo ake sawa." Ashe ba ta mutu ba, tana nan ko'ina, ba ruwanta da rana. Yanzu raga ake shimfiɗa wa shinkafa saboda tsuntsu, gonakin shiru. Na ce ya sake kunna min, a hankali. Su can waƙa suke ji, ni Yaya nake gani tsaye a kan kunya.