Dutsen Niƙa a Tsakiyar Ruwan Lagdo

Ana sallame sallar asuba muka bar Garwa, ni da abokina mai mota, wanda ya yarda ya kai ni Lagdo bisa sharaɗi guda: zai ciko bayan motarsa da kifi, kuma ba zan yi masa ƙorafin ƙarni ba. Na ce na ji na gani. Mun haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Kogin ya ja baya ƙwarai, sai tsibiran yashi da masu wanki da suka riga kowa sauka.

Ga masu tambayata abin da ya kai ni, aike ne. Gwaggona, yayar mahaifina, ta shekara biyu ba ta tashi daga gado. An haife ta a wani ɗan ƙauye na bakin Binuwai wanda ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin aka yi tafkin Lagdo, wajen shekarar da muka yi canjin shugaban ƙasa na ƙarshe da kowa ke iya tunawa. Rabonta da ƙauyen tun rasuwar mahaifiyarsu, shekaru masu yawa kafin zuwan ruwan. Kwanan baya wani mai kawo mana kifi ya gaya mata cewa bana ruwan tafkin ya ja baya har wani dutse ya fito a inda ƙauyen yake, daga ranar ta hana ni sakat. A kan dutsen nan, in ji ta, akwai ramukan niƙa uku: na kakarta, na mahaifiyarta, da na matar limamin gari. So take ta gan su kafin ta mutu, haka ta faɗa, ba ta sakaya ba. Ga damina a ƙofa, da ruwa ya ƙaru dutsen zai sake nutsewa.

Sai na yi muku bayanin kyamarar da na ɗauka, don ita ce ta kusa ba ni kunya. Ta hannu na saya, irin wadda ba ta saita kanta, kuma ba ta cikin gilashin ɗaukar hoton ake leƙawa ba. Wata 'yar taga ce a gefe, a tsakiyarta akwai ɗan fili mai haske inda abin da kake son ɗauka yake fitowa biyu. Sai ka yi ta murza zoben gilashi har biyun su hau kan juna su zama ɗaya, to ka saita ke nan. Da gajeren gilashin da nake ɗaukar biki da suna, ko ka ɗan kuskure ba mai ganewa. Dogon gilashi mai jawo nesa kusa shi ne ba ya yafiya. Ka kauce kamar silin gashi, sai hoton ya fito dishi-dishi, kaifin ya je ya sauka a kan abin da ba ka nema ba.

Hanyar kwalta lafiya lau har Ngong, inda muka tsaya shan shayi da burodi. Manyan motocin auduga na wucewa, mata sun jera albasa tsibi-tsibi a bakin hanya. Abokina ya taya tun ba mu je ba, na ce masa mai zuwa kasuwar kifi ba ya fara cika mota da albasa, ya ce ai da albasa ake cin kifin. Daga nan muka saki babbar hanya muka yi gabas, duwatsu suka fara tasowa, manya-manya, an ɗora wani kan wani kamar da hannu.

Sai ga ruwan. Na sha ganin Lagdo a hotunan mutane, amma ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Ni ɗan Garwa ne, kogi na sani, mai gaɓa biyu da ake hango ɗaya daga ɗaya. Wannan kuwa ya tafi har ya haɗe da sama, duwatsu tsaye a cikinsa har wuya, jiragen masunta sun zama ɗige-ɗige. Na tuna cewa a ƙarƙashin wannan shimfiɗa akwai gonaki da rijiyoyi da kaburburan dangina.

A bakin ruwa kasuwa ta riga ta ci. Hayaƙin banda ya cika wuri, ga karfasa da tarwaɗa, ga giwan ruwa da mutum biyu ke ɗauka. Abin da ke sayen kifi ɗaya a Garwa, a nan sai a haɗa maka da 'yan'uwansa. Ana ciniki da Fillanci, a yi gardama da Faransanci, a shirya da Hausa. A nan na bar abokina ya shiga aljannarsa, ni kuma na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa wani zangon masunta, inda aka ce akwai dattijon da ya san wurin dutsen.

A nan na tafka kuskuren. Ba a zuwa wurin dattijo hannu rabbana, don haka na sayi sukari da ganyen shayi da goro, na rungume su a ƙirji kamar jariri, jakar kyamara kuma na bari aka ɗaure ta da roba a bayan moto. Hanyar duk tsakuwa ce da kwazazzabai. Sukari ya isa lafiya.

Muna sauka na ɗaura dogon gilashi, na auna wani tsauni can nesa, na murza zoben har ƙarshe. Tsaunin ya ƙi zama ɗaya, biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. A cikin kyamarar akwai wani ɗan hannu siriri mai taɓa bayan gilashi, shi ke gaya wa tagar nisan abu, kuma girgizar moto ta gusar da shi. Tagar da na dogara da ita ta koma yi mini ƙarya, mai gyara kuwa sai an aika ƙasar waje.

Dattijon, baƙi siriri mai farin gemu, yana zaune yana ɗinkin koma yana kallona. Bayan gaisuwa na ba shi tsaraba, na gaya masa abin da ya faru. Ya ce, "Mai hoto, kullum gefe guda take kaucewa, ko yau nan gobe can?" Na ce ina jin gefe guda ne, Baba. Ya ce, "To ai da sauƙi. Jirgina ma hagu yake ja, shekara nawa muna tare."

Maganarsa ta dawo mini da hankalina. A bakin ruwan akwai turakun shanya koma jere a layi, kowanne taku biyu daga ɗan'uwansa. Na ja baya daidai nisan da ya ce za mu iya kusantar dutsen, na saita a kan turken da na rataya wa hulata, na ɗauka. Rana ta hana ni ganin allon kyamarar, sai na lulluɓe kaina da babbar rigata ina leƙe a ciki, matan da ke gyaran kifi suna ta dariya, wata ta ce ko mai hoto ya shiga takaba ne. Da na ƙara girman hoton, hulata dishi-dishi, turke na uku a bayanta shi ne ya fito tas har da ɓawonsa. Na sake, haka. Na sake, haka. Na yi ta gwaji har na gano cewa in biyun suka haɗe, sai na dawo da zoben baya kamar faɗin ƙwayar shinkafa, sannan kaifi ya sauka kan hula. Na tsuke ƙofar hasken gilashin kaɗan don kaifin ya ƙara faɗi, muka shiga jirgi.

Mun yi tafiya mai tsawo a kan ruwa. Busassun kawunan itatuwa suna fitowa nan da can, fari fat, tsuntsaye a kansu. Dattijon ya kashe inji ya ɗauki filafili, ya ce yanzu muna bisa hanyar kasuwa, can kuma masallaci. Yana nunawa da leɓe kamar mai nuna gida a unguwa. Ni ban ga komai ba sai ruwa kore, amma na samu kaina ina rage murya.

Dutsen ya fito a karkace, fuskarsa na kallonmu kamar tabarmar da aka jingine. Na ce mu ƙara matsawa, ya girgiza kai ya nuna mini gindinsa. Abin da na ɗauka ƙananan duwatsu ne sai ɗaya ya kaɗa kunne. Dorinai ne, da 'ya'yansu. Babbar ta ɗago, ruwa na zuba daga bayanta, ta wage baki, ta yi wani gurnani da na ji shi a katakon da nake zaune. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar wannan lokacin ba. Tsoro da sha'awa suka haɗe mini, bakina sai tasbihi yake.

"Iyakarmu nan," in ji dattijon. "Yi aikinka kafin iska ta fara rawa."

Gaskiya ya faɗa, da rana ta ƙara ɗagawa zafi zai sa komai ya riƙa kaɗawa a kan ruwa, ko kyamarar lafiyayya ba za ta yi komai ba. A tagar dutsen bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ramukan ma ba na ganinsu. Na nemi wata tsaga a gefensa, na haɗe biyun, na dawo da ƙwayar shinkafata, na riƙe numfashi, na jira jirgi ya gama lilo, na danna. Na gusa zoben kaɗan gaba na danna, kaɗan baya na danna. Haka na yi ta yi gumi na shiga idona, har babbar dorinar ta nutse, dattijon ya ce ba ya son nutsewar nan, ya juya jirgi.

A hanyar dawowa jakar tana kan cinyata, ƙarnin kifi ya cika mota, na cika sharaɗi ban yi ƙorafi ba. Mun shigo Garwa da la'asar. Na zube hotunan a kwamfuta, yawancinsu dutse ne kawai mai duhu-duhu, sai guda biyu da suka fito har ana ƙirga tsagogi. Abin da tafiyar ta koya mini a sana'a shi ne kada in ƙara yarda da tagar nan sai na gwada ta a nisan da zan yi aiki, kuma kayan aikin da ka san inda yake kaucewa bai mutu ba tukuna. Sauran darasin a ɗakin Gwaggo na same shi.

Na wanke mafi kyawun da girma, na kai mata washegari da hantsi. Aka tayar da ita zaune, aka sa mata tabarau. Ta ɗora yatsa tana bi. "Ga na Kaka. Ga na Inna, ka ga ya fi zurfi. Ga na matar Liman." Sai yatsan ya tsaya. Can gefen na mahaifiyarta akwai wani rami na huɗu, ƙarami, marar zurfi, wanda a sauran hotunan inuwa ce kawai.

"Wannan ban san shi ba," ta ce.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta gaya mini cewa ranar da ta baro ƙauyen bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta bar ƙanwarta, yarinya ce lokacin, ta yi mata alkawarin za ta dawo ta ɗauke ta. Haihuwa da hidima suka riƙe ta, bana ta zama baɗi, har yarinyar ta girma ta yi aure a can, ta rasu kafin zuwan ruwan, ba su sake haɗuwa ba.

"Kusa da na Inna ta zauna," in ji Gwaggo, hawaye na bin kuncinta. "Ka san shekara nawa ake niƙa kafin dutse ya lotsa haka, ɗan nan?"

Na ce ban sani ba, Gwaggo.

Ta ce, "Ni na sani." Ta rufe ɗan ramin da tafin hannunta, ta ce in bar mata hoton in ja mata ƙofa.