Baƙon da Ba a Ba Ruwa

Cikin tatsuniyoyin da kakata Inna Hassu ta yi mana a Takanamat, guda ɗaya ce ta hana ni zagayawa bayan ɗaki ni kaɗai har na yi wayo. In sanyi ya shigo, da an gama cin tuwo takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Inna ba ta iya tatsuniyar dariya ba. Sai ta yi ta rage murya har ka matso, sannan ta damƙe maka ƙafa.

"Ga wata nan tahe gare ku," in ji ta.

"Ta iso mu ji ta," mu amsa, kowa na raɓewa da ɗan'uwansa.

Wai wani maharbi ne ya tsinci baƙo a daji, gajere, mai nauyin tsiya, sunansa Dalma. Sanyi ya sandarar da shi. Maharbi ya kai shi gida, ya zaunar da shi bakin murhu har jikinsa ya saki, yana sheƙi kamar azurfa. Maharbin ya san baƙon nan in ya ɗau zafi ba ya shan ruwa, amma bai faɗa wa kowa ba, ya fita neman itace. Matarsa ta leƙo ta ga baƙo zaune, ko moɗa babu a gabansa. Kunya ta kama ta.

"A gidan wa anka taɓa barin baƙo ba ruwa?" in ji Inna da muryar matar. "Tad ɗebo, tad durƙusa, tac ce mai sannu da hanya. Shi ko bai da bakin cewa a'a. Ruwa na shiga cikinai..."

Sai ta yi shiru, mu ma mu riƙe numfashi, ta tafa hannu da ƙarfi mu zabura. Baƙo ya fashe, ya watsu a fuskar matar, idanunta biyu suka tafi. "Nan ta tsaya, ni ma na tsaya," in ji Inna. "Ku tahi ku kwanta." Wa zai iya barci? Ni dai in na lulluɓa, tsoro nake ji, da haushin matar nan mai shisshigi.

Na girma na koma Tawa, ina gyaran fanka da dutsen guga. Bara, cikin kayan gwanjo na ci karo da wata 'yar tukunyar narkar da dalma mai aiki da lantarki. Ta sha wuya. Tsatsa ta ci cikinta, wayarta ta ƙone, maɓallin zafi ya cije. Na saye ta don in riƙa zuba irin dalmar da masuntan Tabalak ke ɗaura wa bakin koma. Kwana uku ina kanta: na kankare tsatsar, na sa sabuwar waya, na kwance maɓallin na goge na mayar. Matata Rakiya tana wucewa tana tsokanata, wai na samo tukunyar da ba ta dafa komai.

Ran Asabar da hantsi na jona ta a tsakar gida, na zuba guntayen tsohuwar dalma. Ta narke lafiya lau, datti ya taso sama. Murna ta cika ni. Na ajiye ludayin ƙarfe a ƙasa, na shiga ɗaki ɗauko abin da zan zuba dalmar a ciki.

Da na fito, Rakiya na sunkuye kan tukunyar, ludayin a hannunta yana ɗigar ruwa. Ta gan shi cikin ƙasa ne, ita kuwa tun tana yarinya ba ta taɓa sa ludayi a tukunya ba ta ɗauraye ba.

"Malam, dattin ga na son kwashewa," ta ce. "Na ɗauraye maka ludayin."

Ban san lokacin da na fizgo ta ta baya ba, muka zube tare. Ludayin ya suɓuce ya nutse cikin dalmar. Ƙarar ta yi kamar bindigar toka, na ji abu na sauka a kwanon rufi tas-tas-tas.

"Mi na yi? Don Allah mi na yi?" Rakiya ke tambaya. Ɗigo ɗaya ya ƙona ta a damtse. Ina duba fuskarta, ina sake dubawa.

Ba ta yi komai ba, kirki ta yi. Shekara da shekaru ina zagin matar maharbi, ban taɓa tambayar kaina me ya hana mijinta buɗe baki kafin ya fita ba. Ni na kawo abin gida, ni na san halinsa, kwana uku ina nuna wa Rakiya waya da maɓalli, ban ce mata uffan kan ruwa ba.

Da tukunyar ta huce na je bangon da ke bayan inda ta tsaya. Dalma ta manne a jikinsa faci-faci, tana walƙiya. Na auna tsayin wurin da jikina, ya zo mini a haɓa. Daidai nan idanun Rakiya suke kai mini in mun tsaya tare.